Tsarin sarrafa bawul a tsofaffin injunan babur masu silinda ɗaya

Tsarin sarrafa bawul shi ne jerin ƙarafan da suke buɗe bawul-bawul na inji, su kuma rufe su a daidai lokacin da ake buƙata. Injin babur mai bugu huɗu da silinda ɗaya yana da aƙalla bawul biyu: na shiga, wanda iska da fetur suke bi su shiga silinda, da na fita, wanda hayaƙi yake bi ya nufi salansa. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1970, kamfanonin ƙera babura na Faransa, Birtaniya, Italiya, Jamus, Amurka da Jafan sun gwada hanyoyi da dama na motsa waɗannan bawul biyu. Fitattu a cikinsu su ne bawul mai buɗe kansa, bawul a gefe, bawul a sama mai sandar turi, kamshaf a sama, da tsarin desmo.

Abubuwa uku ne suka bambanta su: inda aka kafa bawul, inda aka kafa kamshaf, da abin da yake mayar da bawul ya rufe. Duk lokacin da aka rage nauyin ƙarafan da ke tsakanin kamshaf da bawul, inji yana iya juyawa da sauri ya ba da ƙarfi mai yawa, amma kuɗin ƙera shi da wahalar gyaransa sukan ƙaru. Saboda haka babu tsarin da ya kori sauran gaba ɗaya. Kowanne ya daɗe a irin aikin da ya dace da shi.

Yadda bawul yake aiki

Inji mai bugu huɗu yana kammala aikinsa a matakai huɗu: zuƙar iska da fetur, matse su, ƙona su, da fitar da hayaƙi. Fistan yana sauka sau biyu ya hau sau biyu kafin matakan su cika, wato karanshaf yana juyawa sau biyu. A wannan tsakanin kowane bawul sau ɗaya kawai yake buɗewa. Shi ya sa kamshaf, sandar da take ɗauke da tozon da ke tura bawul, take juyawa da rabin saurin karanshaf. Idan inji yana juyi 6,000 a minti ɗaya, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 3,000 a minti, wato sau 50 a daƙiƙa ɗaya.

A yawancin injuna tozon kamshaf buɗe bawul kawai yake yi, sifirin ne yake ja da shi ya rufe. Idan sauri ya yi yawa har sifirin ya kasa mayar da bawul da duk ƙarafan da ke bayansa cikin lokaci, sai bawul ya daina bin siffar tozon. Wannan matsala ita ake kira shawagin bawul. Idan ta faru ƙarfin inji yana faɗuwa, kuma a injin da bawul yake saman fistan, fistan yana iya dukan bawul ya lanƙwasa shi. Ƙara wa sifirin ƙarfi yana rage matsalar, sai dai yana ƙara gogayya da cin tozon kamshaf, kuma sifirin na farkon ƙarni na 20 yana yawan karyewa saboda ƙarfen lokacin bai kai na yanzu inganci ba. Kusan duk sauye-sauyen da aka yi wa tsarin bawul neman mafita ne daga wannan matsala.

Injuna masu bugu biyu, irin na BSA Bantam ko Suzuki AX100, ba su da waɗannan bawul. Fistan ne da kansa yake buɗe ƙofofin da ke jikin silinda ya rufe su, don haka ba sa cikin wannan kwatance.

Bawul mai buɗe kansa

Ƙaramin injin da kamfanin De Dion-Bouton na Faransa ya fitar a tsakiyar shekarun 1890 shi ne tushen yawancin injunan babura na farko, domin kamfanoni da yawa sun saye shi ko sun kwaikwaye shi. A wannan inji bawul ɗin fita ne kawai tozo yake turawa. Na shiga yana da sifirin mai laushi, idan fistan ya sauka sai zuƙar iska ta jawo shi ya buɗe da kansa. Tsarin yana da sauƙi ƙwarai, amma yana da iyaka: bawul ba ya buɗewa sai zuƙa ta yi ƙarfi, ba ya buɗewa sosai, kuma da sauri ya ƙaru sai ya kasa bin inji. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya yawancin kamfanoni sun koma tura bawul biyun da tozo.

Daga wannan tsari aka gaji jeren da ake taƙaita sunansa da IOE, inda bawul ɗin shiga yake sama, na fita kuma yake ƙasa a gefen silinda, suna fuskantar juna. Harley-Davidson ta Amurka ta yi amfani da wannan jeri daga baburanta na farko masu silinda ɗaya, ta kuma riƙe shi a manyan baburanta masu silinda biyu har zuwa 1929. Moto Guzzi ta Italiya ta juya shi a babur ɗinta na farko, Normale na 1921 mai 498 cc: silindar a kwance take tana kallon gaba, aka sa bawul ɗin fita a kai inda iska take bugunsa ta sanyaya shi, na shiga kuma a gefe.

Bawul a gefe

A wannan tsari bawul biyun suna tsaye a gefen silinda, kawunansu suna kallon sama. Kamshaf yana ƙasa kusa da karanshaf, yana tura su ta wani gajeren ƙarfe ba tare da sandar turi ko roka ba. Kan silinda murfi ne kawai mai ramin filogi. Ƙarafan da ke motsi kaɗan ne, injin gajere ne, kuma ko bawul ya karye ba ya faɗawa kan fistan.

Raunin tsarin yana cikin siffar ɗakin ƙuna. Tun da bawul suna gefe, dole ɗakin ya miƙe daga saman fistan zuwa saman bawul, ya zama mai faɗi da tsawo. Iskar da ta shigo sai ta yi kwana biyu kafin ta isa silinda, zafi mai yawa yana ɓacewa a bango, kuma ba a iya matse iska sosai ba tare da an toshe hanyarta ba. Haka kuma hanyar hayaƙi tana manne da gefe ɗaya na silinda, sai gefen ya fi ɗayan zafi, abin da kan sa silinda ta ɗan karkace. Injiniyan Ingila Harry Ricardo ya rage wannan rauni bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya da wani fasalin kan silinda da yake sa iska ta gauraya da sauri, amma bai kawar da shi ba.

Sojoji ne suka fi amfana da wannan tsari. Triumph Model H na 1915, mai 550 cc, an ba sojojin ƙawance kimanin guda 30,000 a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Birtaniya sun dogara da BSA M20 mai 496 cc, wanda aka kai musu kimanin 126,000, da Norton 16H mai 490 cc. M20 yana matse iska kashi 4.9 zuwa 1 kawai, yana ba da ƙarfin doki 13, amma yana shan fetur mara kyau ba tare da damuwa ba, kuma soja mai ɗan horo yana iya gyara shi a bakin hanya. An ci gaba da ƙera 16H har 1954, shi kuwa BSA M21 mai 591 cc, wanda aka fi haɗa shi da keken gefe, ya kai 1963.

A fagen tsere kuwa tsarin ya ƙare da wuri. Nasarar da Alec Bennett ya yi da Sunbeam a babban tseren TT na Tsibirin Man a 1922 ita ce ta ƙarshe da inji mai bawul a gefe ya samu a wannan tsere.

Bawul a sama mai sandar turi

A tsarin da ake kira OHV an mayar da bawul biyun cikin kan silinda, kawunansu suna kallon fistan. Kamshaf yana nan ƙasa, sai dai yanzu yana tura wata doguwar sanda, sandar turi, ita kuma ta ɗaga gefe ɗaya na roka, ɗaya gefen ya danna bawul. Wannan ya ba da damar yin ɗakin ƙuna mai siffar ƙoƙon ƙwarya, bawul suna karkace a cikinsa, hanyoyin iska sun miƙe, filogi yana kusa da tsakiya. Inji yana shaƙar iska da yawa, ana kuma iya ƙara matsi.

Amfanin tsarin ya bayyana a fili a 1921, lokacin da Howard Davies ya ci babban tseren TT na ajin 500 cc da AJS mai 350 cc kawai. A 1924 Alec Bennett ya sake cin tseren, wannan karon da Norton mai sandar turi. Daga nan zuwa shekarun 1960 wannan ne tsarin yawancin baburan hanya na Turai masu bugu huɗu: Norton Model 18 da ES2, Ariel Red Hunter, Royal Enfield Bullet, BMW R25, Moto Guzzi Falcone da sauransu. A injunan farko roka da sifirin a waje suke, mai babur yana shafa musu giris da hannu, ƙura kuma tana cin su. A shekarun 1930 aka rufe su cikin akwati, baƙin mai yana kai musu daga famfo.

Abin da tsarin ya ƙara shi ne nauyi. Sifirin dole ya mayar da bawul, roka, sandar turi da ƙarfen da ke bin tozo duka a lokaci ɗaya. Doguwar sanda tana kuma lanƙwasa kaɗan idan sauri ya yi yawa, sannan silinda da sandar ba sa miƙewa daidai da juna idan sun yi zafi, sai tazarar bawul ta canza.

Ɗaga kamshaf. Wasu kamfanoni sun rage wannan rauni ta hanyar ɗaga kamshaf sama a cikin akwatin inji don sandunan su gajarta. Velocette ta fara haka da MOV mai 250 cc a 1933, sannan MAC da MSS, har zuwa Venom na 1955 da Thruxton na 1965. A watan Maris na 1961 wata tawagar mahaya ta tuƙa Venom mai 499 cc tsawon awa 24 a filin Montlhéry na Faransa a kan matsakaicin gudun mil 100.05, kimanin kilomita 161, a awa ɗaya. Vincent Comet shi ma yana da ɗagaggen kamshaf da gajerun sanduna, da wata dabara ta daban: kowane bawul yana da mariƙi biyu, sama da ƙasa, roka kuma yana danna shi a tsakiyarsu maimakon a ƙarshensa.

Bawul huɗu. Wata hanyar ita ce raba aikin ga ƙananan bawul huɗu, biyu na shiga biyu na fita, domin ƙaramin bawul ya fi sauƙin nauyi da saurin hucewa. Triumph ta fitar da irin wannan inji a 1921 da taimakon Ricardo, Rudge kuma ta bi a 1924. A 1930 Rudge ta kwashe matsayi na ɗaya, na biyu da na uku a tseren TT na ajin 350 cc da inji mai bawul huɗu da suka baje kamar yatsu a cikin ɗakin ƙuna, Wal Handley kuma ya ci ajin 500 cc da Rudge a wannan shekarar.

Babur ɗin da ya fi nuna iyakar da sandar turi za ta iya kaiwa shi ne BSA Gold Star, wanda aka ƙera daga 1938 zuwa 1963. Ya mamaye tseren Clubmans TT a farkon shekarun 1950, samfurinsa na ƙarshe kuma, DBD34 na 1956, yana juyi 7,000 a minti.

Kamshaf a sama

A tsarin OHC an ɗauke kamshaf gaba ɗaya an kai shi kan silinda. Sandar turi ta tafi, tozo yana danna bawul ta gajeren roka, ko kai tsaye idan kamshaf biyu ne. Nauyin da sifirin yake fama da shi ya ragu sosai. Sabuwar tambayar ita ce yadda za a kai juyi daga karanshaf da ke ƙasa zuwa kamshaf da ke sama, a kan silindar da take tsawo idan ta yi zafi ta koma idan ta huce. An amsa ta ta hanyoyi uku.

Tsayayyar sanda da giyar kwana. Ana kafa sanda a gefen silinda cikin bututu, da giya masu haɗuwa a kusurwa a ƙasanta da samanta. Velocette K na 1925, wanda Percy Goodman ya tsara, ya bi wannan hanya, kuma Alec Bennett ya ci tseren TT na ajin 350 cc da shi a 1926 da tazarar fiye da minti goma. Norton ta bi da CS1 na Walter Moore, wanda Bennett ya ci babban tseren 1927 da shi. Ke nan a cikin shekara biyar mahayi ɗaya ya ci TT da bawul a gefe, da sandar turi, da kamshaf a sama. Arthur Carroll ya sake fasalin injin Norton a wajen 1930, daga shi aka samu International da Manx. Ducati ta ɗauki wannan hanya a 1955 da Gran Sport mai 100 cc, aikin Fabio Taglioni. Lokacin buɗe bawul a wannan tsari ba ya kaucewa, amma haɗa shi aikin ƙwararre ne, domin sai an daidaita cizon haƙoran giya da siraran faya-fayen ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsada ce ta sa Velocette ta ƙirƙiro MOV mai sandar turi don kasuwar talakawa.

Sarƙa. AJS ta fitar da inji mai kamshaf a sama da sarƙa take juyawa a 1927, da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai sifirin da yake ɗaure sarƙar. Ta koma ga wannan hanya a 7R mai 348 cc na 1948, da ɗan'uwansa Matchless G50 mai 496 cc na 1958. Sarƙa ta fi giyar kwana arha da sauƙin nauyi, kuma ba ta damu da ɗan miƙewar silinda ba. Aibinta shi ne tana saki da tsufa, sai lokacin bawul ya ja baya, idan kuma ta tsallake haƙori bawul yana iya haɗuwa da fistan. Kamfanonin Jafan ne suka mayar da ita hanyar kowa: Honda ta sauya ƙananan injunan Cub zuwa kamshaf a sama mai sarƙa a tsakiyar shekarun 1960, Yamaha kuma ta yi amfani da ita a XT500 na 1976 da SR500 na 1978.

Sandunan Ultramax. Kamfanin NSU na Jamus ya bi hanya ta uku a Max mai 247 cc na farkon shekarun 1950, wanda Albert Roder ya tsara. Dogayen sanduna biyu ne suke haɗa faya-faye masu cibiya a gefe na ƙasa da irinsu na jikin kamshaf, suna juya shi kamar yadda sandar jirgin ƙasa mai tururi take juya ƙafafunsa. Sanda ta uku, wadda ba ta motsi, tana riƙe tazarar da ke tsakanin sama da ƙasa don kada zafi ya canza ta. Tsarin ba shi da ƙara kuma yana da ƙarko. Hermann Paul Müller ya ci gasar duniya ta ajin 250 cc a 1955 da Sportmax, samfurin tsere na wannan inji. NSU ta yi amfani da tsarin a ƙaramar motarta Prinz, amma sauran kamfanonin babura ba su ɗauke shi ba.

Kamshaf biyu. A tsarin DOHC kowane bawul yana da kamshaf nasa a samansa, babu roka. Norton ta fara sa shi a baburan tseren kamfani a 1937, daga baya ya shiga Manx da ake sayar wa mahaya. Geoff Duke ya ci gasar duniya ta 350 cc da ta 500 cc a 1951 da Norton mai silinda ɗaya, Moto Guzzi kuma ta riƙe kambun 350 cc daga 1953 zuwa 1957 da kwantacciyar silinda ɗaya mai kamshaf a sama. Yawancin injunan tsere na wannan zamani suna amfani da sifirin mai kama da na tarkon ɓera maimakon mai murɗi, domin yana barin a gajarta ƙafar bawul. A Manx sifirin ɗin a waje yake don iska ta sanyaya shi kuma a iya sauya shi da sauri, shi ya sa injin ya yi suna wajen yoyon mai.

Tsarin desmo

Sunan ya fito ne daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ɗauri da hanya. A nan tozo ɗaya yana buɗe bawul, wani tozon daban kuma yana ja da shi ya rufe ta roka na biyu da ya riƙe ƙafar bawul daga ƙasa. Tun da ba sifirin ne yake rufewa ba, shawagin bawul ba ya faruwa. Mercedes-Benz ta yi amfani da wannan dabara a motar tserenta W196 ta 1954. Taglioni ya kawo ta babur a Ducati mai 125 cc da kamshaf uku, wanda yake wuce juyi 12,000 a minti. Gianni Degli Antoni ya ci tseren farko da aka shiga da shi, a Hedemora ta ƙasar Suwidin a 1956.

A 1968 Ducati ta fara sayar da baburan hanya masu desmo na 250 cc da 350 cc, na 450 cc ya biyo baya a 1969. Waɗannan suna da kamshaf ɗaya mai tozo huɗu da roka huɗu, da sifirin mai laushi da yake taimaka wa bawul ya zauna sosai lokacin tayar da inji. Farashin tsarin yana wajen gyara: kowane bawul yana da tazara biyu, ta buɗewa da ta rufewa, kuma ana daidaita su ne da sauya ƙananan ƙarafa masu kauri daban-daban. Idan tazarar rufewa ta yi tsauri roka yana cin tozo, idan ta yi sako-sako bawul ba ya zama. Da ƙarfen sifirin ya inganta, amfanin desmo a baburan hanya ya ragu, amma Ducati ta riƙe shi har ya zama alamar kamfanin. Ta daina ƙera waɗannan masu silinda ɗaya a Italiya a 1974.

Tsarin da bai yaɗu ba

Kamfanin Barr & Stroud na Glasgow ya ƙera inji mai 350 cc a shekarun 1920 wanda ba shi da bawul mai kai ko ɗaya. Wani siririn bututun ƙarfe ne yake tsakanin fistan da silinda, yana hawa da sauka yana ɗan juyawa, ramukan jikinsa suna daidaita da ƙofofin shiga da fita. Injin shiru ne kuma babu tazarar da za a saita, amma yana shan baƙin mai da yawa, kuma bai wuce wannan shekaru goma a kasuwa ba.

Kwatantawa

Injuna huɗu na Birtaniya masu girma kusan ɗaya suna nuna bambancin:

BSA M20, 496 cc, bawul a gefe: ƙarfin doki 13 a juyi 4,200.
BSA Gold Star DBD34, 499 cc, sandar turi: kimanin 42 a juyi 7,000.
Matchless G50, 496 cc, kamshaf ɗaya mai sarƙa: kimanin 51 a juyi 7,200.
Norton Manx, 499 cc, kamshaf biyu mai giyar kwana: kimanin 50 a wajen juyi 7,000.

Ba tsarin bawul kaɗai ne ya haifar da wannan rata ba, domin M20 babur ɗin aiki ne, G50 da Manx kuwa na tsere zalla, kuma matsi, kafireto da salansa duk sun bambanta. Duk da haka jerin yana nuna abu biyu. Babban tsalle yana tsakanin bawul a gefe da bawul a sama, wato sauyin siffar ɗakin ƙuna. Ratar da ke tsakanin sandar turi da kamshaf a sama ba ta kai haka ba, ta tsakanin kamshaf ɗaya da biyu kuwa kusan babu ita a wannan girma.

Dalilin yana wajen fistan. Babban inji mai silinda ɗaya yana da doguwar tafiyar fistan. Tsohon injin Norton mai faɗin milimita 79 da tafiyar milimita 100, idan ya kai juyi 6,000, fistansa yana gudun mita 20 a daƙiƙa a matsakaici, wanda ya kusa iyakar abin da ƙarafan lokacin suke jurewa. Ke nan fistan da karanshaf sukan gaji kafin sandar turi ta kasa. Don cin cikakken amfanin kamshaf a sama sai da Norton ta gajarta tafiyar fistan na Manx zuwa kimanin milimita 86 a 1954. A ƙananan injuna kuma komai ƙarami ne mara nauyi, har da sandar turin: Honda Super Cub C100 na 1958, mai 49 cc da tafiyar milimita 39, yana juyi 9,500 da sandar turi.

Ta fuskar gyara jerin yana juyewa. Bawul a gefe da sandar turi ana saita su da sifana da ma'aunin tazara cikin ɗan lokaci, ana kuma cire kan silinda ba tare da taɓa lokacin bawul ba. A inji mai sarƙa sai an daidaita alamomin lokaci duk sa'ad da aka buɗe kai. Giyar kwana da desmo suna buƙatar kayan awo da gwaninta. Wajen shan mai ma akwai bambanci: kamshaf da ke ƙasa yana kusa da baƙin mai, wanda ke sama kuwa ya dogara ne kacokan ga famfo da tsabtar man.

Dawowar sandar turi

Wannan batu na baƙin mai ne ya sa Honda ta koma sandar turi bayan ta riga ta rungumi kamshaf a sama. A farkon shekarun 1970 kamfanin ya lura cewa a ƙasashe masu tasowa ana ɗora wa babura kaya fiye da ƙima, ana bin hanyoyi masu ƙura, kuma ba a juye baƙin mai a kan lokaci, abin da yake lalata kamshaf da mazauninsa a kan silinda. Sai ta fitar da CG125 a 1975, da gajerun sandunan turi da tozo ɗaya tak da yake motsa bawul biyun, yana zaune ƙasa kusa da mai. An ƙera shi a Barazil da Pakistan, kamfanonin Sin kuma sun kwaikwayi injinsa da yawa.

Ta wannan hanya tsarin biyu suka haɗu a titunan Najeriya da Nijar. Yawancin baburan Sin masu injin irin na CG da 'yan acaɓa da 'yan kabu-kabu suke hawa masu sandar turi ne, Bajaj Boxer da ƙananan baburan da ake kira roba-roba kuwa kamshaf a sama suke da shi mai sarƙa. Makanikai suna bambanta su da alamun lalacewa: na farko yakan yi ƙarar ƙas-ƙas idan tazarar bawul ta buɗe, na biyu kuma yakan yi ƙarar sarƙa idan ta saki ko maɗaurinta ya gaji.

A Indiya, Royal Enfield Bullet da aka fara haɗawa a Madras a 1955 ya ci gaba da sandar turi fiye da shekara sittin. Sai a 2020 kamfanin ya fitar da sabon inji mai 349 cc da kamshaf a sama, Bullet 350 kuma ya koma kansa a 2023.